Gwaggo da tocilar kasuwar Mashi

Shekarar da na ajiye alli, 'yar ƙanena ta zo hutu Daura daga jami'ar da take bincike. Gida ya cika da masu son jin abin da take karantawa har ya hana ta zama. Da yake na koyar da kimiyya a sakandare, ni aka naɗa tafinta.

Ta ce suna ƙera wasu ƙwayoyi na furotin, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, su ɗauki magani su kai shi cikin ciwon daji. Maganin ba ya taɓa komai sai an haska masa wani irin haske, sannan ya kashe wurin da ya lalace kaɗai. Ni kuma, don gwaninta, na taƙaita: magani ne mai barci, haske ke tashinsa. Aka jinjina kai. Na ji daɗin kaina.

Cikin masu sauraro akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda muka ɗauko daga Dutsi saboda wani kumburi a ƙirjinta. Tun damina muke lallashinta ta je asibiti a Katsina, tana cewa ba a kai ta inda ake yanka mutum yana raye.

Bayan kwana biyu na same ta a ɗaki ta haɗiye jiƙon saiwoyinta, tana haska ƙirji da tocilar da ta aika aka sayo mata a kasuwar Mashi.

Na ce, "Gwaggo, me ke nan?"

Ta ce, "Tashinsa nake yi. Ashe shi ya sa bai ci ba, barci yake. Kai da bakinka ka faɗa, Malam."

Na yi bayani irin na aji, har da zane a ƙasa. Ta ce in ba wannan hasken ba ne, to za ta jira na jikarta, ba inda za ta. Kumburin kuwa bai yi alkawarin jira ba.

Sai yarinyar ta zo ta durƙusa. "Gwaggo, namu bai iso kan mutane ba tukuna. Ɓeraye muke gwada wa."

Gwaggo ta kashe tocila. "Ɓeraye fa? Na rumbu?"

"Farare ne, a ɗaki mai sanyi suke. Abincinsu ma aunawa ake yi."

"Su suna cikin sanyi, ni ina nan ina fifita da murfin kwano. To sai sun warke za a zo kaina?"

"Bayansu ma da sauran gwaji, Gwaggo."

Gwaggo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita da ta tsufa tana ɗana wa ɓera tarko ba za ta bi layi a bayansa ba. Ta juyo gare ni.

"Malam, asibitin nan naku na Katsina, mutane zalla ake gani?"

Na ce zalla.

Ta ce, "To nemo mota. Kuma gaba zan zauna."