Mutum na Talatin da Biyu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran mai kula da ɗakin ajiyar bayanai na gidan rediyonmu, wanda kowa ya fi sani da Baba Kamar-Yau, bayan jinyar kwana shida a asibiti. An yi masa sutura bayan azahar. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Masu sauraro ba su san muryarka ba, Baba, tawa suka sani. Shekara goma sha huɗu ina karanta shirin nan na minti biyar da ke bin labaran safe, inda ake faɗin abubuwan da suka auku a rana irin ta yau. Mutane kan tare ni a hanya su yaba mini sanin tarihi, in yi murmushi in karɓe yabon, alhali ko kalma ɗaya ba tawa ba ce. Duk daga akwatinka suke fitowa, tsohon akwatin katako mai ambulan ɗari uku da sittin da shida, kowace rana da nata, har da ranar nan ta Fabrairu mai zuwa sau ɗaya a shekara huɗu. A cikin kowane ambulan akwai katuna da rubutun hannunka: abin da ya faru a gaba, inda ka samo shi a baya.

Sunan da muka laƙaba maka ma daga bakinka ya fito. Ba a gaishe ka a wuce. Mutum ya ce maka ina kwana, sai ka ce lafiya lau, kamar yau shekara kaza aka kunna wutar lantarki ta farko a garin nan, kafin ya ankara ya makara. Masu sauri ta ƙofar baya suke bi. Mai sharar ofishinmu ta taɓa gaya maka ranar da ta haifi 'yarta ta fari, washegari ka kawo mata takarda cike da abubuwan da suka faru a duniya a rana irin wannan, ka sa sunan yarinyar a layin ƙarshe. Har yanzu takardar na rataye a ɗakinta. Amma kai da ka san ranar kowa ba ka san taka ba. Na tambaye ka, ka ce an ce da damina aka haife ka, babu dai wanda ya rubuta.

Doka ɗaya gare ka, kuma ba ka sassauta ta ga kowa ba: ba a rubuta abu a kati, ba a kuma gyara shi, sai da shaida biyu waɗanda ba daga bakin juna suka ji ba. Wani sabon darakta ya taɓa aiko maka da shafi goma da aka kwaso daga intanet, ya ce a daina wahala da akwati. Ka zauna da jan bironka ka zagaye kuskure bakwai, ka mayar masa da kanka cikin ladabi. Bai sake tayar da maganar ba.

Wannan dokar ce ta shiga tsakanina da kai, kuma ba zan ɓoye ba don ka rasu.

A ambulan ɗin sha shida ga Maris akwai katuna huɗu. Ƙarshen wani yaƙi a wata ƙasa mai nisa, haihuwar wani likita da ya gano maganin wata cuta, isowar jirgin ƙasa na farko garinmu, sai gobarar masaƙa ta shekara talatin da biyar da suka wuce, inda rahoton hukuma ya ce ma'aikata talatin da ɗaya suka rasu. Mahaifina ya rasu a wannan gobarar, ina shekara huɗu. Lebura ne da ake ɗauka kullum da safe don lodin dilar yadi, sunansa ba ya cikin rajistar ma'aikata, kuma da rajistar aka yi ƙidaya. Wani direban babbar mota ne ya kawo gawarsa gida ya sauke ya tafi, ko sunansa mahaifiyata ba ta tambaya ba. Shi ke nan, a takarda mahaifina bai mutu a wurin ba, tamkar ma bai taɓa zuwa ba.

A shekarata ta uku a aiki na same ka da maganar. Ka saurare ni har na gama, ka cire tabarau ka goge ido.

“'Yata, na yarda da ke, na yarda da mahaifiyarki,” ka ce. “Amma ku shaida ɗaya ne. Maƙwabtanku ma daga bakinta suka ji. Ina buƙatar wanda ya gan shi a masaƙar.”

“Baba, uwata ƙarya za ta yi?”

“Ba ƙarya za ta yi ba. Amma in na gyara don ina sonki, gobe wani zai sa in gyara don ina tsoronsa.”

Na fita ban rufe ƙofa ba. Wata guda ban gaishe ka ba, kai kuwa kullum sai ka ajiye mini katunan ranar a tebur, ka ƙara da ɗan rubutu cewa in rage gudu, ina karanta shekaru kamar ana korata. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun daga ranar, duk sha shida ga Maris nakan zauna gaban makirufo in ce talatin da ɗaya da bakina, na san mahaifiyata na saurare, na kuma san a daidai wannan wurin take kashe rediyo. Na ji haushinka, Baba, haushi sosai. Daga baya mun shirya, mun ci gaba da raha, amma a zuciyata na ɗauka ka ajiye maganar ka manta.

Ranar Lahadi, kwana biyar da rasuwarka, ni na buɗe akwatin da kaina, karo na farko ba ka nan. Na ciro ambulan ɗin sha shida saura minti goma a shiga shiri. Katuna uku suna nan yadda na san su. Na huɗun sabo ne fil, da jan biro: talatin da biyu. Na juya bayansa. Shaida ta farko, matar marigayin. Shaida ta biyu, direban da ya ɗauke shi daga bakin ƙofar lodi ta masaƙar, yanzu tsoho ne, yana sayar da tayoyi a wani gari, ya faɗi kalar rigarsa da layin gidan da ya kai shi ba tare da an tuna masa ba. Kwanan watan da ka sa a ƙasa ashirin da takwas ga Fabrairu ne, kwana biyar kafin a kwantar da kai.

Sai da na je gaisuwa Hajiya, uwargidanka, ta gaya mini sauran. Ta ce duk hutunka na shekara sai ka ɗebi kwana uku ko huɗu ka shiga mota, ka bi tashoshi da garejoji kana tambayar tsofaffin direbobi. Ta ce ta sha yi maka faɗa a kan ƙafarka mai ciwo. Da ka dawo wannan karon ta ce ka kira ni ka gaya mini, ka ce a'a, a bar ta ta gani a ranar mahaifinta.

Na karanta shirin. Na bi yaƙin, na bi likitan, na bi jirgin ƙasan, ban yi gudu ba. Da na zo kan gobarar na ce talatin da biyu, na ci gaba. Ina fitowa daga sutudiyo waya ta shigo, mahaifiyata ce. Ina jin rediyon yana ta magana a bayanta. Ba ta kashe ba. Can ta ce, “An sa shi?” Na ce an sa shi, Inna.

Jiya na ɗauki sabon kati na rubuta rasuwarka, na sa a ambulan ɗin sha ɗaya ga Maris. A baya na sa shaida biyu yadda kake so: Hajiya da ke gefenka, da likitan da ya duba ka. Ranar zuwanka duniya ta ɓace, amma wannan ba za ta ɓace ba muddin akwatin nan yana hannuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da dukan abokan aikinmu. Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya tsare bayanka. Ni kuma ina roƙon ka yafe mini watan nan da na hana ka gaisuwa, ko da yake na makara da roƙon.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Kai da ka yi shekara goma sha ɗaya kana yawo da ciwon ƙafa don kada a bar lebura ɗaya a wajen ƙidaya, Allah ya ƙidaya ka cikin bayinsa na gari. Amin.