Likitar da Ta Ja Mini Labule

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Mayu, na dawo daga makaranta na tarar da Mama tana hawaye. Ta ce Allah Ya yi miki rasuwa da safe, Likita, bayan gajeriyar jinya.

Ina aji uku na sakandare aka kawo ni wurinki. Yatsun ƙafata ta hagu sun yi sanyi, sun soma baƙi, har an ce wa Baba wataƙila sai an yanke ƙafar. Akwai kuma wani kumburi a mazaunina mai bugawa kamar zuciya, wanda kunya ta hana ni faɗa wa ko Mama.

Ke kika lura a karkace nake zaune. Kika sallami Baba da ɗalibanki, kika ja labule, kika ce, “’Yata, wannan zaman na yanga ne ko na ciwo? In baki ya ƙi, yatsa ya nuna.” Na nuna.

Bayan an ɗauki hoto kika yi mana bayani. Akwai jijiyar jini da ke ciyar da ƙafar jariri yana ciki, sai ta shuɗe kafin haihuwa, wata ta karɓi aikin. Tawa ba ta shuɗe ba. Ta baya ta bi, zama yana danne ta har ta kumbura, gudajin jini suna gangarawa suna toshe hanyar yatsu. Kika ce likita yakan tsufa bai ga irinta ba. Da Baba ya juya ya kalli Mama, kika ce, “Halitta ce, maigida. Kada a ɗora wa uwarta.”

A tiyata kika ciro wata jijiya daga cinyata, kika yi wa jinin sabuwar hanya, kika ɗaure tsohuwar. Da na farfaɗo kika ɗora hannun Mama a kan ƙafata, kika ce, “Ji nan, yana bugawa.” Ƙaramin yatsa ɗaya na rasa. Ƙafar ta tsira.

Jiya mun je gidanki gaisuwa. Mama ta tare mota, na ce a ƙasa zan je, kuma na je.

Allah Ya jiƙan ki, Likita, Ya yalwata kabarinki, Ya sa hannuwan nan su yi miki shaida ranar gobe. Ga maigidanki, da ’ya’yanki, da ma’aikatan sashenki na asibiti, Allah Ya ba ku haƙuri. Amin.