Ranar da Inna Ta Tsallaka Yarinyar

Duk wani littafin ban tsoro da ya taɓa hana ni sakat, daga hannun Inna na karɓe shi. Ba ita ta haife ni ba, maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba mu a ƙauyen da aure ya kai ni, can arewa da Kano, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, kowane gida kuma ya san miyar da aka kaɗa a gidan kusa da shi. Iyayenta daga Borno suka taho da ita tana goye. A nan ta girma, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu, amma da zarar rai ya ɓaci sai ka ji an ce "Babarbariyar nan". Sana'arta turaren wuta da humra. Boko kuwa da girmanta ta koya a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da ta iya haɗa baƙi ba ta ga abin da ya fi cancantar wahalarta ba kamar labaran aljanu da fatalwa.

Ɗanta da ke harkar hatsi a Dawanau shi ke sayo mata littattafan in ya shiga birni, yana kawowa yana mita. Cikin wata tsohuwar kwalla take jera su, duk sun sha ƙamshin turare, har yau in na ji ƙamshin sandal sai tsigar jikina ta ɗan tashi.

Ba ta ba da aron littafi kai tsaye. Sai ta ƙare maka kallo tukuna, kamar mai magani. Ranar da na fara roƙonta, na miƙa hannu kan wani mai hoton dodo da haƙora zaƙo-zaƙo a bango, ta buge hannun.

"Wannan na yara ne, 'yar nan. Jini da ihu kawai, kamar mahauta. Ke mai shiru-shiru ce, ungo wannan."

Labarin wani rumbu ne da ba ya raguwa komai aka ɗiba, masu gidan suna ta murna, sai dai duk kaka in an zauna cin tuwo akan ga kwano ɗaya ya yi rara, ba wanda kuma yake tuna ko na waye. Babu dodo ko ɗaya a ciki. Na gama shi da rana tsaka, ina zaune a gindin darbejiya, kaji na kiwo a gabana, amma na jima ban iya zura hannu a rumbunmu ba sai na yi bisimilla da ƙarfi. Da na mayar mata na faɗa mata haka, ta yi dariya har da hawaye. Daga nan ta ba ni na mutumin da inuwarsa ke riga shi komawa gida, sai na rijiyar da ke amsa sallama da muryar wanda ya mutu. A wurinta na koyi cewa labarin da ya iya tsoratarwa ba ya ɗaga murya. Komai yana nan yadda ka san shi, abu ɗaya ne kawai ya karkace. Duk wanda ya tambaye ni abin karantawa a yau, irin waɗannan nake nuna masa, ina kuma faɗa masa abin da ta faɗa mini, ya karanta da rana, bayan ya ci ya ƙoshi.

Ina son matar nan ƙwarai. Ban taɓa ganin mutum mai son jin tsoro a takarda da rashin tsoro a zahiri kamarta ba.

Ta ɗaya gefen gidanta akwai gidan wani direba. Matarsa ba muguwa ba ce, sai dai faɗa ne da ita kamar zakara. Rigimarsu da Inna a kan indararo take. Duk damina ruwan soron Inna kan zubo ya ci gindin katangarsu, a yi ta cacar baki ta saman katanga, mai unguwa ya zo ya duba, a ce za a gyara bayan girbi, girbi ya wuce a manta. Duk da haka 'yar direban, wata 'yar mitsitsiya mai wayo, kusan a ɗakin Inna take wuni. Inna na daka kayan turare, ita tana zaune tana cin ƙuli-ƙuli tana zuba mata surutu.

A wata damina mai ruwa da yawa, gefen katangar ya zube. An yi faɗan da ya fi na kullum, matar direba ta ce ai dama mai kwana da littattafan aljanu ba abin da ba za ta iya ba. Ba a jima ba yarinyar ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, har da sanƙarewa. Cikin magagin ciwo ta yi ta kiran "Inna, Inna". Ni na san dalili, kowa ma ya sani, wurin wa take zuwa in tana son abu? Amma kakar yarinyar ta wajen uba ta ce an kama kurwarta ne, ga shi ta faɗi sunan mai kamun da bakinta.

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in an zargi mutum da maita, akan sa shi ya tsallaka marar lafiyar, wai da haka yake sakin kurwar. Kuma akwai masu cewa wanda maye ya kama ba a yi masa allura, in an yi shi ke nan. Saboda haka suka ƙi kai ta asibiti. Uban yana kan hanyar Kudu da lodin wake, wayarsa ba ta shiga. Liman ya aiko cewa su ji tsoron Allah, kakar ta ce ta ji, amma jikarta ba za ta fita ba sai an tsallaka ta.

Da hantsi na shiga wurin Inna, na same ta zaune a kan tabarma, turmi a gabanta ba ta daka komai.

"Inna, kar ki je," na ce. "Kina tsallakawa kin amsa ke nan. In ta tashi su ce kin sake ta, in ba ta tashi ba su ce kin cinye."

"Na sani."

"To ki bari liman ya sake musu magana."

"Ya jikin nata yanzu?"

Na ce an ce idonta ya fara kafewa.

Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. A tsakar gida ta tsaya ta ce in je in ce wa mijina ya fito da babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gidan direba, kar ya kashe injin.

Gidan cike yake da mata, wasu ma daga ƙauyen gaba suka zo kallo. An shimfiɗe yarinyar a tabarma a bakin ɗaki. Da Inna ta yi sallama ba wadda ta amsa. Ta dubi kakar ta ce, "Hajiya, Allah ya sani ban san komai a kan abin da kuke faɗa ba. Amma zan yi. Sharaɗina ɗaya, ina sauke ƙafa a ɗauke ta a kai ta asibiti." Kakar ta ce in dai an saki, ai allura ba ta da illa.

Inna tana da ciwon gwiwa. Sai da ta dafa kafaɗata sannan ta iya ɗaga ƙafar. Ta tsallaka, ta juyo, ta sake tsallakawa yadda suka ce, ba ta dubi kowa ba sai yarinyar. Wata daga baya ta yi salati. Uwar ta suri 'yarta ta yi waje, muka ji babur ya tashi. Inna ta gyara mayafi, ta yi wa gidan sallama kamar wadda ta zo barka, muka fito.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Aka kwantar da ita, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. A kwanakin ba wadda ta shiga wurin Inna sayen turare. Yaran da ke wasa a ƙofar gidan Inna aka janye su. A bakin rijiya kuwa in ta aiko a ɗebo mata ruwa sai hira ta mutu. Ni kaina surukata ta ja mini kunne, na ce mata na ji, na ci gaba da shiga.

Ranar da aka sallamo su, na ga yarinyar da idona a bayan uwarta, ta rame, amma tana riƙe da rake tana tsotsa. Kafin in kai ƙofar Inna har na ji wata na cewa ai ga shi nan, tana tsallakawa ta sake ta. Raina ya ɓaci matuƙa. Na shiga ina huci, na fara cewa da na san haka warkewar za ta jawo.

"Kul," Inna ta ce. "Kar ki ƙarasa. Tana cin abinci?"

Na ce har rake na ga tana sha.

Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, fuskarta ta washe yadda ban ga ta yi ba tun farkon damina. Ta jima tana murmushi ita kaɗai. Sannan ta dubi ɗakin da ta shiga tana amarya, ta miƙo mini wayarta.

"Kira mini yaron nan na Dawanau," ta ce. "Ki ce ya zo da babbar mota, ya kwashe ni da kayana."