Gambar Iyakar Gona

Kwana uku ke nan barcina bai cika ba, kuma duk juyin da na yi a kan katifa muryar kakata Iya Dije nake ji. A ƙauyenmu na yankin Sule Tankarkar, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni ba na iya zama wuri ɗaya, in taɓa wuta, in tsokani na kusa da ni. Takan ce, "Kai mijin banza, zauna ko in sake ka a daren nan. Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya farka."

Akwai tatsuniyar da ta fi son maimaitawa. Wai manoma uku ne gonakinsu ke jere, ta makaho a tsakiya. Ciyawar gamba ce iyakar kowa, kamar yadda ake yi a wajenmu. Duk damina na gabas sai ya tumɓuke gambar ya matsar da ita kunya ɗaya cikin gonar makahon. Na yamma yana kallo, amma ya ce ba ruwansa, shi da kowa gaisawa suke. Da makaho ya ji hatsinsa na raguwa ya kai ƙara, mai gari ya kira na yamma, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce bai san komai ba. Haka aka yi ta tafiya har gonar makaho ta ƙare, gamba ta shigo gonar na yamma. Ya ruga neman mai ba shi shaida, duk garin bai samu kowa ba sai makahon nan zaune a gindin bango.

A nan mukan fashe da dariya. Iya ba ta yi, sai dai ta watsa mana gyaɗa ta ce, "Ku yi ta dariya. Ɓarawon ai kowa ya san shi, ni na yamman ne ke ba ni tsoro. Ƙurunƙus, ku tashi min daga tabarma."

Yanzu ina koyar da darasin addini a wata makarantar sakandare a Gumel. Daminar bana na je gida, a gabana tarakta ta yi wa yayana Sani huɗa, ta haɗa da kunya uku na gonar maƙwabcinmu marigayi Malam Ilu, gamba da komai. Yaya ya ga na gani. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, don haka na kau da kai na yi ta duba wayata.

'Yar marigayin, Rabi, a ajina take. Ranar Litinin ina bayani a kan amana da shaida, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan mutum ya ɓoye shaida saboda ɗan'uwansa ne, shi ma yana da zunubi?" Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɗauke ido daga kaina ba. Na ba ta amsar da ke cikin littafi, daidai. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Iyalan marigayin sun kai ƙara, mai gari ya sa zama ranar Asabar. Jiya na kira Yaya na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ka mayar musu tun kafin zaman. Idan aka tambaye ni, zan faɗi abin da na gani." Sai ya ce, "To, Malam," ya kashe wayar. Bai taɓa kira na Malam ba.

Da ina yaro na ɗauka na yamma matsoraci ne kawai. Iya ba ta taɓa gaya mana cewa wani lokacin na gabas ɗin shi ne wanda ya goya ka zuwa asibiti kana zazzaɓi ba. Zan je ranar Asabar. Abin da ban sani ba shi ne gidan wa zan sauka.