Ɗumamen da Ya Tsayar da Ɗan Majalisa

Jiya jikata ta jawo wani tsohon akushi daga ƙarƙashin gado, wai za ta zuba wa kaji dusa. Na ce ajiye, 'yar nema. Akushin nan ya taɓa tsayar da ɗan majalisa.

A Daudawa aka haife ni, gidan manoman auduga. Magidanta biyu ne a gidan, Babana da ƙanensa da muke ce wa Baffa. Tun tasowata a akushi ɗaya suke ci a zaure, ni ke kai musu. Baffa ba ya sa hannu sai Baba ya yi bisimilla ya yanki lomar farko.

Baffa ya yi boko har ya yi malanta, amma ban taɓa ganin mai riƙon al'ada irinsa ba. Kullum maganarsa ita ce abin da aka gada a bi shi a sannu. Ko ƙuri'ar mata bai yarda da ita ba, Allah ya jiƙansa, ga ni yau har na gaji da dangwalawa. Baba kuwa wuta ne, yana bayan masu cewa a rage wa sarakuna ƙarfi.

Gab da samun 'yancin kai, lokacin cirar auduga, aka yi zaɓen masu tafiya majalisar Ikko. Jam'iyyar masu sarauta ta tsayar da Baffa. Baba ya hau keke, daga kasuwar Faskari har Mairuwa, yana cewa kada a zaɓi ƙanensa. Baffa ya ci, ya shiga yawon godiya, aka yi kwanaki bai ci tuwon gida ba.

Safiyar da Baffa zai tafi, Baba ya ce wa Inna a zuba masa nasa ɗumamen daban, shi a ɗaka zai ci, ba da Baffa ba. Na ɗauki akushi zuwa zaure. Ina ƙarama, amma na san in Baffa ya tafi a haka, gidanmu ya rabu ke nan.

Mota na ƙofar gida za ta kai shi tashar jirgi a Funtuwa. 'Yan rakiya daga Ƙanƙara da Sabuwa sun cika zaure. Baffa ya wanke hannu, ya gyara zama gaban akushi, ya ƙi taɓa abincin. Man shanu ya daskare a kan miyar kuka.

"Ranka ya daɗe, jirgi fa ba ya jira," in ji direba.

"Ai Yaya bai sa hannu ba," in ji Baffa.

Na ruga na gaya wa Baba. Ya ce, "Ya ci mana, ai shi ne babba yanzu." Na dawo da saƙo. Baffa ya ce, "Ki ce mishi kujera aka ba ni a Ikko. Nan gidanga ni ƙane ne."

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka ji takun Baba. Ya shigo yana faɗa. "Wanga taurin kan za ka kai majalisa?" Ya zauna, ya yi bisimilla, ya yanki ɗumame mai sanyi ƙalau. Sannan Baffa ya sa hannu. Daɗi ya kama ni har na manta ban kawo musu ruwan sha ba.

Jirgi dai ya wuce, sai bayan kwana biyu Baffa ya samu wani. Baba ne ya ɗaukar masa akwati har mota, yana tafe yana zagin jam'iyyar Baffa. Har suka koma ga Allah ra'ayinsu bai zo ɗaya ba, kuma ba a sake raba musu kwano ba.

Yanzu kowane yaro da farantinsa, ido a kan waya. Ban cika ƙorafi ba, zamani riga ne. Amma jiya na wanke akushin, na shafe shi da man gyaɗa, na zuba wa jikata da yayarta tuwo a ciki. Ta miƙa hannu, na riƙe shi. Ita ce ƙarama, sai ta jira.