Mai Lilo Ya Sauko Daga Bango

Da sassafe yake buɗe shago, ya share, ya yayyafa ruwa a ƙofa, sannan ya jera ƙarafan da zai yanka a ranar, dogo kusa da dogo. Shagona na gyaran rediyo yana kallon nasa, don haka shekara da shekaru da ƙarar injin yankansa nake karya kumallo. Sana'arsa ƙera kantocin ƙarfe ce, irin waɗanda ake kafawa a bango a ɗora na'urori: batura, na'urar intanet, akwatin kyamarorin tsaro, da duk wani abu mai waya da ke cinye wa mutane ɗaki. Yakan yi wa kanta ƙofa mai raga don na'ura ta sha iska, ya sa mata kwaɗo, ya bar wa wayoyi hanya ta baya don kada su cukurkuɗe.

Sunansa na yanka kuwa, ko ni sai na yi tunani. Mai Lilo kowa ke ce masa, kuma da dalili. Duk kantar da ya kafa, kafin ya yarda a ɗora mata ko cajar waya, sai ya kama ta da hannu biyu, ya naɗe ƙafafu, ya yi reto a jikinta. Ga shi ƙato, ga tumbi. Sai ka ga dattijo da furfura yana lilo a ofishin mutane, ma'aikata na ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. In ya sauko ya karkaɗe hannu ya ce, "Ta ɗauke ni. Ku ɗora."

Matar da ke da shagon buga takardu a bayan layinmu ta ce kafin ya zo mata, a kan batir take zama ta ci abinci, masu shigowa na tsallake wayoyi kamar masu tsallake kwata. Ya ɗage komai sama, har ta samu wurin shimfiɗa darduma. Shugaban wata makaranta kuma ya ba ni labarin ɓarayin da suka fasa ɗakin kwamfutarsu. Sun yi ta fama da kantar Mai Lilo har suka haƙura, suka tafi suka bar gudumarsu a wurin. Gudumar tana shagonsa har yau, da ita ake aiki.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Taurin kai gare shi na bugawa a jarida. Yakan ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kasa kunne, in bai ji abin da yake so ba sai ya tattara kayansa ya yi gaba, ko mai aikin na ta roƙo.

To, kafaɗa ba ƙarfe ba ce. Tasa ta dama ta daɗe tana yi masa ciwo, har likita ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa in ya sake rataya jikinsa da hannun nan, ya yi sallama da ɗaga shi. 'Yarsa ta fari tana wurin aka faɗa. Ita ce ta gaji waldar, da aurenta da 'ya'yanta take zuwa shago kullum, kuma Uwata yake kiranta saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Suka yi da shi cewa aiki ɗaya ya rage, daga shi ya ajiye.

Aikin a ɗakin jarirai bakwaini ne, a wani ƙaramin asibiti. Babbar nas ɗin ɗakin ce ta ba ni labari. Ɗakin ya yi musu kaɗan, batura da na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke sun tare ƙasa, kuma babu inda za a ɗage su sai bangon da ke saman gadajen jariran. Aka kwashe jariran zuwa wani ɗaki. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ji daidai. Suka huda, suka kafa, suka ɗaure. Sai ya fara naɗe hannun riga.

"Baba, me za ku yi?" in ji 'yar.

"Abin da na saba."

"Haba Baba! Ba ku ji likita ba? Ku bari ni in hau."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Uwata, ke da iska ke ɗauka? Ko nauyin baturan nan ba ki kai ba. 'Ya'yan mutane ne za su kwanta a ƙarƙashi."

Nas ma ta sa baki, ta ce sun yarda da aikinsa haka nan. Ya ce ai shi bai yarda ba tukuna. Ya kama, ya naɗe ƙafafu. Sai ƙusar gefen hagu ta zamo, siminti ya zubo kan gadon da babu kowa a ciki, nauyinsa duka ya koma kan hannun dama. Nas ta ce ta ji ƙarar kafaɗar da kunnenta. Ya zube ƙasa, gumi na keto masa, amma bai ce wayyo ba. Cewa ya yi, "Bangon nan ya ruɓe ta ciki. Uwata, huda har waje, ki sa farantin ƙarfe ta baya."

Aka ɗaure masa hannu, aka ce ya je ya kwanta, ya ƙi. A kujera ya zauna yana kallo har 'yar ta gama. Da ta ɗaure ƙusar ƙarshe, kowa ya san abin da ya rage. Ta jawo jakar kayan aiki, ta zuba injin huda bango da guntayen ƙarafa, ta goya a baya.

"Baba, na kai nauyinku?"

Ya ƙare mata kallo. "Ƙara gudumar ɓarayi."

Ta ƙara. Ta kama kantar da hannu biyu, ta naɗe ƙafafu, ta yi reto. Ko motsi kantar ba ta yi ba. Da ta sauko ta karkaɗe hannu ta ce, "Ta ɗauke mu. Ku ɗora."

Mai Lilo, ƙato mai gwada aiki da jikinsa. Kai ne ka yarda a yi maka dariya a ofisoshi don kada a yi kuka a bayanka. Kai ne ka ji maganar likita sarai, ka san abin da za ka rasa, kuma ka hau. Har yanzu ina ganin akwai taurin kai a ciki, na faɗa maka a gabanka. Amma na ji ciwon hannun nan har raina, kuma ban san wata hanyar da za a gano ruɓewar bangon ba.

Yanzu a benci yake yini a ƙofar shago. Hannun dama ba ya wuce ƙirji, da hagu yake sa hula. In injin yanka ya tashi a ciki, yakan kasa kunne, wani lokaci ya ɗaga murya ya ce Uwata ta rage sauri.

Mun gode, Mai Lilo. Allah ya sauwaƙe ciwo, ya sa albarka a hannun da ya karɓa. Mu kuma masu sana'a, kafin mu ce wa mutane su ɗora kayansu a kan aikinmu, mu fara hawa da kanmu. Jariran can suna barci a ƙarƙashin kantarsa, ba su san shi ba, kuma babu abin da zai faɗo musu.