Rabon Gadon Tsohuwar Mota

"Ka zo a daidai, rabon gado muke," in ji Baba Sale, yana zazzage wani buhu a ƙasa. Fulogi, fitilu da wata kafireta suka zubo.

Na je shagonsa na kayan mota a Faskari ne neman kafireta, don in tada tsohuwar motar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda ta daɗe a ajiye. Na lura bai jera kayansa iri-iri kamar sauran shaguna ba. Kowace tsohuwar mota da ke bin hanyoyin nan tana da buhunta. In wata ta mutu, sai ya raba kayan buhunta ga waɗanda suka rage. Ran nan wata akori-kura ta garin Sabuwa ce ta kwanta dama.

Na ɗauki kafiretar, irin wadda nake nema ce sak.

"Baba, nawa?"

"Aje, ɗana. Rabon motar garin Ruwan Godiya ne. Ita ke kai masu naƙuda asibiti. Taka wa take ɗauka?"

"Ba kowa, Baba. Tunawa ce kawai."

"To tunawa ta bi layi."

Sai ya kakkaɓe buhun da ya zazzage, ya miƙo mani. "Daga yau wannan na motarka ne. Mota ta gaba da ta mutu, akwai rabonku."

Na dawo gida da buhu ba komai a ciki, kuma ban ji an hana ni ba. Ku fa, da kun haƙura ko da kun ƙara kuɗi?